Ɗan Caji da Shafin Shagon Baba

Ƙanena ba ya shiga ɗaki ya fara kallon mutanen da ke ciki. Bango yake fara dubawa, can ƙasa-ƙasa, yana neman soket. Sai ya gan shi hankalinsa yake kwanciya, sannan ya juyo ya ce, "Sannunku da hutawa." Shi ya sa muka laƙaba masa Ɗan Caji tun yana sakandare, sunan kuma ya bi shi har gidan aurensa. Yanzu shekararsa talatin da huɗu, ga 'ya'ya biyu, ga furfura ta fara leƙowa a gemu, amma ko matarsa in ya ƙure ta da wannan sunan take kiransa.

Ni ce yayarsa, na ba shi shekara bakwai, kuma mu biyu kaɗai iyayenmu suka haifa. Koyarwa nake yi a makarantar firamare. Na faɗi wannan ne don a san ba ruwana da na'ura. Wayata ma sai ta cika ta ƙi ɗaukar hoto nake kai masa, ya duba yana girgiza kai kamar na aikata wani babban laifi.

Aikinsa gina shafukan intanet. In mai asibiti ko mai makaranta ko mai sayar da takalma yana son mutane su same shi ta wayarsu, sai ya zo wurin ƙanena, shi kuma ya gina masa wuri, ya jera hotuna da bayani da lambar waya, ya ba wurin adireshi. A gida yake aikin, cikin wani ɗan ɗaki da asali aka yi shi don ajiye tarkace. Tarkacen kuwa har yanzu suna nan, sai dai duk masu cin wuta ne.

Allon kwamfuta uku ne a kan teburinsa, ɗaya a tsaye. A ƙarƙashin teburin akwai kwali cike da wayoyin caji da suka sarƙe da juna, wanda ya hana a zubar, wai wata rana za a nemi ɗaya. Yana da fitilar da ake yi wa magana ta kunnu. Na sha ganin yana ce mata "kunna" sau uku tana yi masa kunnen uwar shegu, alhali makunnin yana nan kusa da gwiwar hannunsa. Yana da agogon hannu mai gaya masa ya tashi ya miƙe ƙafa, da kofin shayi mai batir wanda ba ya barin shayi ya huce. Akwai kuma wata 'yar na'ura mai kama da faifai da ke yawo a falo wai tana shara. Kullum ƙarƙashin kujera take shigewa ta maƙale tana kuka, sai matarsa ta zaro ta da sandar tsintsiya, sannan ta share falon da kanta.

Waɗannan su ne na gani da ido. Akwai waɗanda ba a taɓawa, manhajoji da ƙananan kayan aiki da yake tsintowa a intanet. Ba ka zuwa gidansa ka fita bai nuna maka sabo ba. Akwai mai tuna masa ya sha ruwa, akwai mai jera masa ayyukan da ke gabansa, akwai kuma wata da ke tattara tunatarwar sauran ta tuna masa cewa an tuna masa. Yana fara bayani sai idonsa ya yi ta ƙyalli, ya manta bai ba ka wurin zama ba.

Kada a ɗauka rago ne. Yaron nan yana da ƙwazo, ba ya cin amanar mutane, kuma waɗanda yake yi wa aiki suna yaba shi. Ciwonsa ɗaya ne: gara ya kwashe kwana uku yana neman na'urar da za ta yi masa aikin minti goma, da ya zauna ya yi aikin da hannunsa. In ka yi magana ya ce ai gobe ma za ta yi amfani.

Ba daga ƙasa ya tsinci wannan son na'ura ba. Babanmu mai gyaran rediyo ne, da Mai Rediyo ma aka san shi a layin da shagonsa yake. Shago ne ɗan ƙarami tsakanin na wani tela da na mai sayar da kayan famfo. Kana shiga warin narkakkiyar dalma zai tarbe ka. Rediyoyi ne jere a kanta har rufi, wasu an gyara masu su ba su dawo ba, wasu an cire musu ciki don a raya wasu. Ƙananan kusoshi suna cikin gwangwanayen madara, kowane da irin nasa, kuma Baba yana iya miƙa hannu ba tare da ya duba ba ya ɗauko wanda yake so. A ƙofa akwai dogon benci inda abokansa suke zama. Ranar da ƙanena, yana ɗan shekara shida, ya farke agogon bangon Inna don ya ga mai yin ƙarar a ciki, Inna bulala ta ɗauko, Baba kuwa sukundireba ya miƙa masa ya ce ya mayar yadda yake.

Sai dai zamani ya wuce ta gaban shagon bai tsaya ba. Mutane sun koma sauraron komai a waya, abin da ya lalace kuma a jefar a sayi sabo. Akwai ranakun da Baba zai buɗe da safe ya rufe da yamma ba wanda ya kawo ko tocila. Tun da Inna ta rasu, shekara shida ke nan, shagon ya zama shi ne abin da ke tashinsa da safe. Ni da ƙanena mun sha cewa ya kamata ya rufe ya huta. A bayan idonsa muke faɗa, a waya ko a mota. Ba wanda ya taɓa iya faɗa masa.

Wata rana wani mutum ya zo daga nesa da tsohuwar rediyo mai akwatin katako, ta marigayi mahaifinsa. Ya ce wata biyu yana yawo ana tura shi daga wannan shago zuwa wancan. Baba ya yi kwana huɗu a kanta. Da ta yi magana mutumin ya kasa riƙe hawaye, da zai tafi kuma ya ce, "Baba, da kana da shafi a intanet ai da tuni na same ka. Irina suna da yawa."

Maganar ta zauna wa Baba a rai. Ranar da muka taru a gidan ƙanena cin abincin rana, bayan an kwashe kwanuka, ya yi gyaran murya sau biyu kafin ya yi magana. Baba mutum ne da bai iya roƙo ba, ko ruwa yake so sai dai ya tashi ya ɗebo.

"Auta," ya ce, don haka yake kiransa, "wannan abin da kake yi wa mutane, ana yi wa ƙaramin shago?"

Ƙanena ya yi tsalle kamar an ce an ba shi kyautar mota. "Baba, ai aikin kwana biyu ne! Kai dai ka rubuto mini tarihinka da irin gyaran da kake yi, sauran ka bar mini."

Mako bai zagayo ba Baba ya kawo takardu uku da ya yago daga littafin rubutu, cike gaba da baya da shuɗin biro, a cikin ambulan. Na san ya sha wuya kafin ya rubuta, domin idonsa ya yi rauni, sai da gilashi mai ƙara girma yake aiki. Ƙanena ya karɓa da hannu biyu. Maimakon ya zauna ya buga su a kwamfuta, abin da ba zai wuce rabin awa ba, sai ya ɗauki hotonsu, wai akwai manhajar da ke karanta rubutun hannu ta mayar da shi na kwamfuta. Manhajar ta kasa karanta rubutun Baba. Ya gwada ta biyu, ya gwada ta uku, ta huɗun ma shirme ta fitar. Ya ce akwai wata da za a fitar nan gaba kaɗan wadda ta fi su duka. Ana cikin jiranta aikin wani asibiti ya shigo, daga shi na wata makaranta, ambulan ɗin Baba kuma ya shige ƙarƙashin wasu takardu.

A nan sai na yi bayanin wata ɗabi'a ta masu wannan sana'a, domin a kanta komai ya faru. In suna gina shafi kuma ainihin rubutun bai zo ba, ba sa barin wurin fayau. Sukan zuba wani rubutu na cike gurbi, don su ga yadda shafin zai zauna in ya cika. Yawancinsu wasu kalmomi marasa ma'ana suke kwafowa su liƙa. Ƙanena ya raina wannan. Ya ce shi sai ya ga magana ta gaske yake gane ko layi ya yi tsawo ko ya yi gajere. Don haka da kansa yake rubuta duk abin da ya zo masa a ka, yawanci tsokana, da niyyar in rubutun gaske ya zo ya goge.

Wata Asabar da rana na biya gidansa, na same shi a ɗakin nan yana taɓa shafin Baba. Wata na biyar ke nan da alkawarin kwana biyu. Gaskiya shafin ya yi kyau. Ga hoton Baba a sama, sanye da gilashinsa, ya sunkuya a kan wata rediyo. A ƙarƙashin hoton ne na ga rubutun, na matsa na karanta:

"Nan za a saka tarihin Baba in Allah ya sa an karanta shi. Wani dattijo ne da ya shekara talatin yana gyaran rediyon da ba mai saurare. In ka kawo masa gyaran minti biyar, ka zo da abin zama, domin za ka sha labarin awa biyu."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Ba zan ɓoye ba, dariya na yi sosai, don kuwa Baba akwai dogon labari.

"Saura layi ɗaya wurin ya cika," in ji ƙanena. "Yaya, ba ni wani abu."

Ban ko tsaya tunani ba. Na ture hannunsa na buga da yatsa ɗaya, yadda na iya: "Shagon ya daɗe da mutuwa, mai shi ne kawai ba a gaya wa ba."

Ya ce, "Kai, Yaya, ba ki da dama!" Muka sake fashewa da dariya. Matarsa ta leƙo daga kicin ta tambayi abin da ake wa dariya, muka ce ba komai. Ya danna ya ajiye, muka fita cin abinci. Na tambaye shi ko wani zai iya gani, ya ce ina, a cikin kwamfutarsa kawai yake. Wanda ya buɗe adireshin a waje ba abin da zai gani sai "Ana kan aiki".

A lokacin gaskiya ya faɗa. Abin da ya canza shi ne, bayan wata uku ya samo wani sabon kayan aiki, kuma ni ma sai da ya tsare ni ya yi mini bayaninsa ina tsaye da jaka a hannu. Wai da can sai ya bi matakai bakwai kafin aikin da ya yi a kwamfutarsa ya fita duniya kowa ya gani. Yanzu da ya ajiye, abin da kansa zai kwashe ya kai. "Ba ruwana da mantuwa," ya ce, bakinsa har kunne. Ya haɗa shi da dukkan shafukan da ke wurinsa a zama ɗaya, don kada ya ɓata lokaci yana bi ɗaya-ɗaya. Na Baba yana cikinsu, shi kuma ko tunawa bai yi ba.

Duk tsawon watannin nan Baba bai taɓa cewa me ya hana ba. Sau ɗaya kawai ya tambaya, "Auta, wurin nan yana da suna?" Ƙanena ya rubuta masa adireshin a 'yar takarda, ya ce an kusa gamawa. Baba ya ninke ta ya sa a aljihu. Ba mu san ya kai wa mai rubutun allo ba. Ba mu san ya sa an sauke tsohon allon shagon an sake masa fenti, an rubuta adireshin da manyan haruffa farare a ƙarƙashin "Gyaran Rediyo da Kaset" ba. Dukkanmu mun kwana biyu ba mu bi ta layin ba, wannan ma wani abin kunyar ne na daban.

Ranar wata Alhamis, an tashi daga makaranta ina haɗa littattafan yara, wayata ta yi ƙara. Tela ne, maƙwabcin Baba, mutumin da ya san mu tun muna rarrafe. Ko gaisuwa bai tsaya mun gama ba.

"'Yata, me babanku ya yi muku?"

Na ajiye littattafan. Na ce, "Lafiya, Baba Tela?"

Ya ba ni labari cikin ɓacin rai. Da safen nan aka ɗora sabon allon. Baba ya sa rigarsa mai kyau, ya aika aka kira abokansa, bencin ya cika har wasu suna tsaye. A cikinsu akwai wani tsohon hedimasta, shi ne mai babbar waya kuma shi ne mai son a ji muryarsa. Baba ya ce masa, "Buɗe mana mu ga aikin ɗana." Hedimasta ya kwafi adireshin daga allon harafi-harafi. Hoton Baba ya fito, aka yi ta miƙa wayar hannu-hannu ana sa albarka. Sannan Hedimasta ya karɓa, ya gyara tsayuwa, ya fara karantawa da ƙarfi kamar yana gaban taron ɗalibai. Wurin labarin awa biyu wasu sun yi dariya, sun ɗauka raha ce. Layin ƙarshen kuwa ya riga ya fita daga bakinsa kafin ya gane abin da yake karantawa.

"Me Baba ya ce?" na tambaya.

"Me zai ce? Cewa ya yi hoton ya fita da kyau. Ya shiga ciki ya zauna. Mutane suka zame ɗaya bayan ɗaya."

Na zauna a kan ɗan bencin yara. Kunyar da ta rufe ni ban taɓa jin irinta ba, har zufa ta keto mini a ajin da fanka ke juyawa. Na kira ƙanena. Ya ɗauka da fara'arsa.

"Yaya, kin ga abin mamaki? Tun safe agogona yake gaya mini mutum goma sha ɗaya sun shiga shafin Baba. Ina ta tunanin ta ina suka..."

Bai ƙarasa ba. Sai na ji ƙarar madannan kwamfuta da sauri-sauri, sannan ya ce, "Wayyo Allah," a hankali, da wata murya da rabon da in ji ta tun ranar da Inna ta rasu. Muna kan wayar ya sauke shafin. Abin da ya yi wata tara bai gama ba, saukar da shi bai ci minti ɗaya ba.

Ya biyo ya ɗauke ni a mota. Agogonsa ya yi ƙara a hanya, wai lokacin shan ruwa ya yi, ya cire shi ya jefa kujerar baya. Da muka yi nisa sai na ce, "Zan gaya masa ni na rubuta na ƙarshen."

"Bari, Yaya."

"Ba zan bari ba, ai ni ce."

"Shafina ne, ni na ajiye, ni na sake shi. In kin faɗa me zai ragu? Sai dai ya zama mu biyu." Ya share fuska da tafin hannu. "A bar wa Baba mutum ɗaya mana."

Na ci gaba da musu da baki, amma can cikin raina wani sanyi na ji, irin na wanda aka sauke wa kaya. Wannan sanyin shi ne abin da na fi jin kunyarsa a duk labarin nan, ya fi mini layin da na rubuta ciwo.

Tun daga bakin layi muka hango allon, shuɗi ƙal, fentin ko gama bushewa bai yi ba. Bencin ba kowa. Tela yana bakin ƙofarsa da awo a wuya, ya kalle mu ya kau da kai bai amsa gaisuwarmu ba. Muka shiga. Baba yana zaune a mazauninsa, har yanzu da rigar mai kyau, ya buɗe bayan wata ƙaramar rediyo, amma ƙarfen liƙa dalmar yana gefe ko jona shi ba a yi ba.

"A'a, ku ne tafe da rana haka? Malama, an tashi lafiya?" Tun da na fara koyarwa Malama yake kirana, kuma yadda yake faɗar sunan sai ka ɗauka ni ce shugabar malaman duniya.

Ƙanena ya durƙusa a ƙasa, tsakanin gwangwanaye da guntayen waya. Ya fara bayani, wai rubutun cike gurbi ne, wai ba a yi don a gani ba, wai wani kayan aiki ne ya fitar da shi ba da saninsa ba. Yana cikin faɗa ya ji yadda maganar take fita, ya tsaya. Sai ya ce, "Baba, ni na rubuta. Duka ni na rubuta. Ba ni da abin cewa, ka yafe mini."

Baba ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Na'urar ce ta fitar, na ji. To ita ce ta rubuta?"

"A'a, Baba."

"To." Ya mayar da gilashin. "Shekara arba'in da huɗu ne, ba talatin ba. Yana cikin takardar da na ba ka, a layin farko."

Ƙanena ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa. Ashe ko layin farkon bai karanta da idonsa ba, na'ura yake jira ta karanta masa.

"Maganar surutu kuwa gaskiyarka ce, uwarku ma ta sha faɗa," Baba ya ci gaba, har da ɗan murmushi wanda da bai yi shi ba ya fi mini sauƙi. "Takarduna dai ka dawo mini da su in ba su ɓata ba. Ba ni da wasu."

"Suna nan, Baba. Yau zan buga su da hannuna."

"Ka dawo da su dai."

A waje keken ɗinkin Tela ya fara ƙara ya tsaya. Ina tsaye jikin kanta, jakata a ƙirji na rungume ta, ina ta gaya wa kaina yanzu zan yi magana, bari ya gama wannan, yanzu zan faɗa. Baba ya ɗaga kai ya bi kantocin da kallo, daga ƙasa har rufi, kamar mai ƙirga abin da zai kwashe in tashi ya kama. Sannan ya juyo gare ni.

"Malama, ke ba ki ce komai ba."

"Na'am, Baba."

"Shi wannan yaro ne, kansa yana cikin na'ura. Ke ce babba, ke ba ki taɓa yi mini ƙarya ba. Abin da ya rubuta a ƙarshen nan, tun ɗazu nake juya shi. In haka ne, gara in ji daga bakinki, in rufe da mutuncina tun kafin a fara nuna ni da baki." Ya ajiye sukundireban da ke hannunsa a kan tebur. "Gaya mini tsakaninki da Allah. Ke ma haka kike gani? Shagon ya mutu?"

Ƙanena bai ɗago ba. Ko motsi bai yi ba, ya bar mini filin gaba ɗaya, in faɗa ko in yi shiru. Na kalli Baba, na ga yadda yake jiran amsata, hannunsa ɗaya a kan rediyon.

"A'a, Baba," na ce. "Bai mutu ba."

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, kafaɗunsa suka saki. "To, shi ke nan. Tunda ke kika faɗa." Ya miƙa hannu ya jona ƙarfen dalmar, ya jawo rediyon gabansa, ya gyara zaman gilashi. Bai kalli ƙanena ba ya ce, "Tashi daga nan, kana tare mini haske."

Ƙanena ya tashi ya matsa gefe. Yau shekara biyu ke nan da faruwar wannan. Baba yana amsa gaisuwarsa, yana wasa da 'ya'yansa, amma bai ƙara tambayarsa komai ba, ko batir ne sai dai ya kira ni in sayo. Ƙanena bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko da wasa, ko muna faɗa. Ni kuma duk ranar da na shiga shagon, Baba yakan nuna ni ga duk wanda ke kan benci ya ce, "Ga wadda ta san darajar ubanta."